An ware a kasafi, ba a gani a ƙasa ba: wa ke da alhakin shirye-shiryen da babu kuɗin aiwatar da su?

Me ya sa gwamnati ke sanar da shiri, a rubuta shi a kasafin kuɗi, shugaban ƙasa ya rattaba hannu ana ɗaukar hoto, amma shekara ta zagayo ba a ga aikin ba? Idan kuma aka nemi dalili, me ya sa kowane ɓangare yake da wanda zai ɗora wa laifi? Wannan muhawara ta daɗe tana zafi a majalisun hira na Katsina da Daura da shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo, kuma a nan tana da nauyi na musamman, domin jihar ce ta fitar da shugabannin ƙasa biyu a wannan jamhuriya, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da marigayi Muhammadu Buhari, don haka duk wanda ya yi maganar gadon bashi, mutane kan ji kamar da ɗan gida yake. Magoya bayan gwamnati mai ci suna cewa baitulmalin da suka tarar ne ya hana su cika alƙawari. Masu kare gwamnatin da ta shuɗe suna cewa a zamaninsu farashin gwamnati na litar mai bai kai naira 200 ba. 'Yan majalisa suna cewa su dai sun amince da kuɗin, ministoci suna cewa ba a sakar musu ba, fadar shugaban ƙasa kuma tana cewa a je a tambayi gwamnoni. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Kowace daga cikin maganganun nan tana ɗauke da wata gaskiya, amma ba za a iya auna ta ba sai an san hanyar da kuɗin gwamnati ke bi daga takarda zuwa hannun mai aiki.

Kasafi ƙiyasi ne da izini

Kasafin kuɗi doka ce da ke ba gwamnati izinin kashe kuɗi har zuwa wani adadi a cikin shekara. Tsarin mulki ya ɗora wa shugaban ƙasa gabatar da ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe a gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kuma ba a taɓa asusun gwamnati sai da amincewarta. Izini kawai majalisa ke bayarwa. Kuɗin kansu sai an sayar da ɗanyen mai, an karɓi haraji da kuɗin kwastam, ko an ciwo bashi, sannan su shigo. Saboda haka idan aka ji an ware wa wani asibiti miliyan kaza, da sauran tafiya a gaba: sai ma'aikata ta ba da kwangila, ma'aikatar kuɗi ta fitar da takardar izinin kashewa, ofishin Akanta Janar ya tabbatar akwai kuɗi a asusu, sannan a biya. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan aiki na iya tsayawa cak, alhali sunansa na nan daram a littafin kasafi.

Kasafin 2025 ya isa misali. Shugaba Bola Tinubu ya gabatar da naira tiriliyan 49.7 a watan Disambar 2024, daga baya aka ƙara, majalisa ta amince da tiriliyan 54.99, ya sa hannu a ƙarshen Fabrairu. An gina lissafin ne a kan cewa Najeriya za ta riƙa haƙo ɗanyen mai ganga miliyan 2.06 a kullum, ta sayar da kowace a kan dala 75, dala kuma ta tsaya a naira 1,500. Ko a takarda akwai giɓin kusan tiriliyan 13 da aka ce da bashi za a cike. A zahiri haƙon mai bai kai wancan adadi ba, farashin ganga kuma ya shafe watanni yana ƙasa da dala 70. Wannan daidai yake da manomin da ya ƙiyasta buhu ɗari tun gero bai yi kai ba, ya yi alƙawarin aurar da 'ya da rufin ɗaki da sayen saniya a kan wannan lissafi, kaka ta zo ya sami buhu sittin. Bambancin kawai shi ne manomi yakan rage buri a shekara ta gaba, amma kasafin Najeriya ya saba maimaita wannan ƙiyasi mai yawa shekara bayan shekara, a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban.

Wa ake fara biya idan kuɗi suka gaza?

Idan abin da ya shigo bai kai ƙiyasi ba, ba a rage wa kowa daidai wa daida. Akwai layi, kuma a gabansa masu bin bashi ne, domin ƙasar da ta kasa biyan kuɗin ruwa a kan lokaci ba za ta sake samun mai ranta mata da sauƙi ba. A kasafin 2025 an ware sama da tiriliyan 14 don biyan bashi, adadin da ya zarce abin da aka tsara wa ilimi da lafiya da tsaro in an haɗa su wuri guda. Bayan bashi sai kuɗin da doka ta ce a cire kai tsaye, irin na majalisa da ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe. Sai albashi da fansho da kuɗin tafiyar da ofisoshi. A can ƙarshen layi ake samun manyan ayyuka: hanyoyi, madatsun ruwa, azuzuwa, ɗakunan shan magani, rijiyoyin burtsatse. An rubuta musu kusan tiriliyan 24 a 2025, wanda shi ne kaso mafi girma a takarda, amma su ne ke ɗaukar duk wata gazawa, tunda hanya ba ta shiga yajin aiki.

Wannan ne ya haifar da abin da aka gani a 'yan shekarun nan, inda majalisa ke tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka na kasafin wata shekara zuwa cikin wata. Na 2024 an kai shi Yunin 2025, aka sake kai shi Disamba. Ma'anarsa ita ce kuɗin shigar shekara ɗaya ake rabawa tsakanin alƙawuran shekara biyu, kuma mai bibiyar aiki ba ya iya sanin wane kasafi ne ake biya da wanda aka jingine.

Yadda aka zo nan

Masu cewa matsalar gado ce suna da hujja. A 2005 da 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sasanta da ƙasashe masu bin Najeriya bashi, aka yafe dala biliyan 18, aka biya kimanin biliyan 12, ƙasar ta numfasa. Farashin mai ya karye a 2014, tattalin arziki ya shiga masassara a 2016, ya sake shiga a 2020 lokacin annobar korona, satar ɗanyen mai a yankin Neja Delta kuma ta rage abin da ake fitarwa. Maimakon a rage kashewa, sai aka cike da rance. Bashin ƙasa da ya kai kimanin naira tiriliyan 12 a 2015 ya haura tiriliyan 87 a tsakiyar 2023.

Abu biyu suka fi cin kuɗi a wancan lokaci. Na farko tallafin mai, wanda ya lashe sama da tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, har kamfanin mai na ƙasa ya shafe watanni ba ya zuba komai a asusun tarayya. Na biyu rancen da gwamnati ta riƙa karɓa daga Babban Bankin Najeriya. A lokacin, dokar bankin ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma aka tara tiriliyan 22.7, majalisa kuma ta amince a watan Mayun 2023 a mayar da shi bashin shekara 40. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Duk mai ƙaunar marigayi Buhari, kuma a Daura da Katsina suna da yawa, ya kamata ya iya karɓar waɗannan alƙaluma ba tare da jin an ci mutuncinsa ba, domin a rubuce suke a takardun hukumomi.

Sai dai labarin bai tsaya a 2023 ba. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara sabon shugaban ƙasa ya sanar da ƙarshen tallafin mai, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta tashi daga kusan 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Wannan ya ƙara yawan nairar da ke shigowa daga mai, amma ya ninka nauyin bashin waje har sau uku idan aka lissafa shi da naira, ko da ba a ranto ƙarin dala ɗaya ba. An kuma ci gaba da rantowa. Zuwa ƙarshen 2024 Ofishin Kula da Basussuka ya ce bashin ƙasa ya haura tiriliyan 144. Haka nan farashin siminti da rodi da man dizal ya sa kwangilar da aka bayar kafin faɗuwar naira ba ta yiwuwa a tsohon farashi, sai an sake lissafi.

Alƙawarin da ya fi aljihu

Shirye-shiryen da ke rasa kuɗi ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda aka yi alƙawarinsu don a kashe wutar rikici. Mafi shahara shi ne na jami'o'i: bayan yarjejeniyar 2009 da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU, gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi alƙawarin naira tiriliyan 1.3 a 2013 don farfaɗo da jami'o'i cikin shekara shida. An saki kason farko na biliyan 200, daga nan sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma wannan na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, wanda ya zaunar da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da takwarorinsu a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gwamnatin da ta sa hannu ta tafi, waɗanda suka biyo baya sun gaji takardar ba tare da an tanadar mata hanyar samun kuɗi ba.

Akwai waɗanda doka ta kafa, amma sakin kuɗinsu ya rataya a wuyan wani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, tana riƙe da kason kowace jiha har sai jihar ta kawo nata daidai da shi, kuma an sha samun biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba, yara kuwa na zaune a ƙasa. A irin wannan yanayi kowane ɓangare na iya rantsuwa cewa ba shi ya hana ba.

Sai kuma shirye-shiryen tallafa wa jama'a da aka fara a 2016, wato N-Power mai biyan matasa naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare, da ba talakawa kuɗi kai tsaye. An dakatar da N-Power a watan Oktoban 2023 alhali matasa da yawa suna kukan suna bin bashin watanni, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da su bayan zargin almundahana da ya kai ga dakatar da ministar jinƙai Betta Edu. Bincike wajibi ne idan an yi zargin sata, amma wanda aikin ya tsaya a kansa shi ne malamin sa-kai da mai dafa abincin yara, waɗanda ba su ga ko sisin abin da ake zargin ya ɓace ba.

Jihar Katsina ta san irin wannan jira tun kafin a haifi yawancin masu muhawarar yau. An gina madatsar ruwa ta Zobe a Dutsin-Ma tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan shan da aka tsara a kanta. Tsakanin shekarun nan an yi mulkin soja, an yi na PDP, an yi na APC.

Rabon laifi

Ɓangaren zartarwa ne ke da kaso mafi girma, a ganina, saboda shi ke rubuta ƙiyasin kuɗin shiga, shi kuma ke yanke wanda za a fara biya. Uzurin gado yana da ƙarfi a shekarar farko, yana raguwa a ta biyu, kuma ba ya rufe ƙiyasin da gwamnati ta rubuta da hannunta bayan ta riga ta san halin da rijiyoyin mai suke ciki. Wanda ya san aljihunsa, ya kuma sanar da sabon shiri a gaban jama'a ba tare da ya nuna inda kuɗin za su fito ba, ya ɗauki alhakin duk wanda ya dogara da maganarsa.

Majalisa ma ba ta fita ba. Ikon da take da shi na gyara kasafi ya zama ƙofar cusa ƙananan ayyuka masu ɗimbin yawa, irin su fitilun kan titi, raba kekunan ɗinki da gina ɗakunan taro, sau da yawa a ƙarƙashin hukumomin da aikin ba huruminsu ba ne. Ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafi ta ce ta ƙirga ayyuka sama da 11,000 na kusan naira tiriliyan 6.9 da aka cusa a kasafin 2025. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ya yi zargin aringizon tiriliyoyin naira a kasafin wannan shekara a wata hira da sashen Hausa na BBC, majalisar dattawa ta musanta, ta kuma dakatar da shi. Ko da kowane aikin mazaɓa yana da amfani a ƙauyen da aka kai shi, yawansu yana warwatsa ɗan kuɗin da ke akwai, a fara ayyuka dubu a kammala ɗari. Mu ma masu zaɓe muna da hannu a nan, domin ɗan majalisar da ya kawo babura ya fi samun yabo a kan wanda ya tsaya ya tambayi minista dalilin ƙiyasin ganga miliyan biyu.

Game da gwamnoni, maganar fadar shugaban ƙasa tana da tushe. Daga asusun tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kafin cire tallafi abin da ake rabawa a wata bai kai tiriliyan ɗaya ba, daga baya ya haura tiriliyan ɗaya da rabi. Firamare da ɗakin shan magani na ƙauye da hanyar karkara nauyin jiha da ƙaramar hukuma ne. Gwamnoni suna amsawa da cewa nairar da ta ƙaru ba ta sayen abin da take saye a da, ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ga kuma kuɗin tsaro, wanda a jiha kamar Katsina mai fama da 'yan bindiga a yankunan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari ba ƙaramin nauyi ba ne. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta hana a bayyana wa jama'a nawa ya shigo da inda ya tafi ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma duk shugaban ƙaramar hukuma daga cikin 34 na jihar nan ya cancanci a tambaye shi abin da ya iso hannunsa.

Inda nauyin ke sauka

Bashin da gwamnati ba ta biya ba, wani ne ke ɗauke da shi a madadinta. A ɗauki ƙaramin ɗan kwangilar da aka ba ginin ɗakin shan magani a wani ƙauye. Ya karɓi kuɗin fara aiki, ya ɗauki siminti bashi a wurin dillali a kasuwa, ya yi wa mai tifa alƙawarin biyan yashi idan kaso na biyu ya fito, ya ɗauki magina da leburori. Gini ya kai linta, kuɗi suka tsaya. Dillali ya daina ba shi kaya, magini ya koma wani aiki yana bin kuɗin mako uku, damina ta sauka a kan bulon da ba a rufe ba, allon da ke ɗauke da sunan aikin da na ɗan majalisar da ya kawo shi ya yi tsatsa a bakin hanya. Idan kuɗin suka fito bayan shekara, ba za su sayi rabin kwanon rufin da aka lissafa ba. Matan ƙauyen kuwa suna ci gaba da hawa babur zuwa wani gari idan naƙuda ta zo.

Haka abin yake ga matar da aka ɗauka dafa abincin 'yan firamare a kan naira 70 kowane yaro a farkon shirin. Takan karɓi shinkafa da wake da manja a wurin mai shago da sharaɗin za ta biya idan kuɗi sun shigo asusunta. Ranar da shirin ya tsaya ba wanda ya aiko mata da takarda, mai shago ne ya fara sanar da ita da sallama a ƙofar gida.

Akwai kuma nauyin da ba a gani da ido. Idan gwamnati ta cike giɓi da rance daga bankunan cikin gida a kan kuɗin ruwa mai tsada, bankuna sun fi son ranta mata a kan ranta wa mai injin casar shinkafa ko mai sayar da taki. Idan kuma ta cike da kuɗin Babban Banki, farashin kwanon masara ne ke biya. Mafi muni a ganina shi ne yadda jama'a ke daina yarda da kowace sanarwa, har shiri mai kyau ya zo mutane su ƙi yin rajista saboda an sha yi musu rajistar da ba ta haifar da komai ba.

Abin da za a iya tambaya

Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta wajabta wa Ofishin Kasafi na Tarayya wallafa rahoton aiwatar da kasafi bayan kowane wata uku, cikin kwana 30, duk da cewa yakan makara. Yawancin jihohi ma suna saka irin wannan rahoto a shafukansu na intanet, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani. A cikin waɗannan rahotanni akwai layi biyu da ke kusa da juna, ɗaya na abin da aka amince, ɗaya na abin da aka saki. Matsalar ita ce da Turanci suke, cike da alƙaluma, kuma ba sa isa majalisun da ake tafka muhawarar. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa za a ji sabbin shirye-shirye daga kowace jam'iyya, kuma gidajen rediyon Katsina da ke ba 'yan siyasa fili kowane dare suna iya ware minti goma a mako su karanta waɗannan layuka biyu da Hausa, ma'aikata bayan ma'aikata, su kuma gayyaci kwamishina ko ɗan majalisar da abin ya shafa ya zo ya yi bayanin tazarar da ke tsakaninsu.